Sunan da Babu a Rajistar Malama Irmgard

Ni ne Ewald Rademacher. Ina da shekara goma sha shida na bar makaranta, ban kuma gaji ko guduma daga mahaifina ba. Da tanki biyu na fara yi wa ƙarfe ruwan nikel, mai sa shi ƙyalli da hana shi tsatsa, a wani tsohon gareji da na yi wa rufi da hannuna. Yau mutum arba'in da ɗaya ke aiki a masana'antata a bakin kogin Lenne, kuma da wuya ka shiga gida a garin nan ba ka kama mariƙin ƙofar da ya bi ta tankina ba. Na gina gida, na kai 'ya'ya biyu jami'ar da ni ban taɓa leƙawa ba. Ba wanda ya ɗaga ni. Haka nake faɗa a ko'ina, kuma gaskiya ne, in ban da wuri ɗaya. Wannan wurin ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Ulrike Kersting ta kira ni ta ce, "Kawu Ewald, Mama ta tafi." Allah Ya karɓi ran Malama Irmgard Kersting tana da shekara tamanin da huɗu, talatin da uku daga cikinsu tana koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar koyon sana'a ta garinmu. Ta karya kumallo, ta zauna a kujerar da ke kallon lambunta, jarida a cinya, shi ke nan. Ba jinya, ba wahala. Wanda ya san ta zai ce haka take yin komai, a tsanake kuma a kan lokaci.

Malama, kin tuna yadda muka haɗu. A 1988 ne. Ruwan da muke ɗauraye ƙarfe da shi yana fitowa da asid, sai mun kashe kaifinsa da soda kafin mu sake shi kogi. Kilo arba'in nake zuba wa kowane tanki, haka na haddace tun ina neman takardar sana'a. Sai soda ta yi wuya, aka kawo mini fotash, aka ce aikinsu ɗaya. Na auna kilo arba'in na zuba, ban ko gwada ruwan ba, don na yarda da sikelina. Jami'in kula da ruwa ya zo ya ɗebi abin da ke fita daga bututuna, ya ba ni mako uku: ko in gyara, ko a rufe wurin. Na zagi mai kawo kaya, na canja sikeli, na sake zuba kilo arba'in cif. Ruwa bai canja ba.

Matata Lore ce ta kai miki ƙarata, don tare kuke waƙa a coci. Da safiyar Asabar sai ga ki a kan keke, da ɗan kwando a gaba. Na tare ki a ƙofa na ce ba na bukatar malamar makaranta ta koya mini sana'ata.

Kika ce, "Sana'arka ta zauna inda take, Sarkin taurin kai. Ni kifayen kogi na zo wa. Miƙo mini sikelin nan."

Kika sa na auna kilo ɗaya na ƙananan sukuru, da kilo ɗaya na manya. Kika juye kwalin noti a kan tebur, kika ce in ba kowane noti sukurunsa. Ƙananan suka isa har da saura. Manyan suka ƙare, noti na nan tuli. Kika dube ni ta saman tabarau.

"To, mai kamfani, ina kuskuren sikeli a nan?"

Na sake duban notin da suka rage. Sai kika ce asid bai san kilo ba, ƙirga yake yi. Kowace ƙwayarsa abokiya ɗaya take nema, kuma ƙwayar fotash ta fi ta soda nauyi, saboda haka a kilo arba'in ɗina ban zuba masa isassun abokai ba. Tunda ba mai iya ƙirga ƙwayoyin da ido ba ya gani, masana suka yi musu dozin nasu, suka kira shi mol: shida, da lambobi ashirin da uku a bayanta. Mol ɗaya na soda giram arba'in ne, na fotash hamsin da shida, na ruwa sha takwas, wato kurɓi ɗaya. Kika rubuta 56 da alli a jikin tankina, kika hau kekenki. Na koma zuba kilo hamsin da shida na fotash, da jami'in ya dawo, ruwa ya fita lafiya. Wannan 56 ɗin na sa an bi shi da fenti, yana nan har yau, kuma ma'aikatana sun ɗauka lambar tankin ce.

Abin ya hana ni sakat. Shekara tara ina wannan aiki ina cin abinci da shi, ashe ban san abin da ke faruwa a cikin tankina ba. Asabar ta gaba na je ajin da kike yi wa manya masu aiki. Amma na kafa miki sharaɗi: kada a rubuta sunana. Ina da ma'aikata, ina da abokan gasa a sana'a, ba zan yarda a ji Rademacher ya koma benci ba.

Kika ce, "Bencin baya kusa da bututun ɗumama ɗaki ba kowa. Amma aikin gida kam sai ka yi, ko kai ne magajin gari."

Shekara biyu na yi a wannan benci. A nan na ji kin raba kimiyyar gida-gida kamar unguwannin garinmu. Duk abin da aka gina a kan ƙwayar gawayi, mai da roba da rini da sukari, gida ɗaya ne. Ƙarafa da gishiri-gishiri gida na biyu, kika nuna ni da alli kika ce ga maigidan nan a baya yana gyangyaɗi. Na uku shi ke tambayar me ya sa abu ke zafi, me ya sa wani ke sauri wani ke nawa. Na huɗu na masu bincike ne, mene ne a ciki kuma nawa ne, su abokina jami'in ruwa. Na biyar kuwa abin da ke gudana a cikin mai rai, daga cikin ɗan Adam har zuwa kifi. Kika ce gidajen biyar ne, amma duk da mol suke ƙirga, wanda bai iya shi ba baƙo ne a kowanne.

Ba ni kaɗai kika yi wa irin wannan ba. Na ga kin tsaya bayan an tashi kina maimaita lissafi ɗaya sau huɗu ga wata mai aikin wanki a asibiti, ba ki ɗaga murya ba. Da aka rufe masana'antar waya, mutum bakwai kika shirya wa jarrabawa a teburin kicin ɗinki, shida suka samu sabon aiki. Ni kuma kin riƙe mini sirri shekara talatin da bakwai. Kina zaune a taron bikin cikar kamfanina shekara ashirin da biyar na miƙe na ce ba wanda ya taɓa koya mini komai. Kika tafa tare da kowa. Da za ki fita kika raɗa mini, "Jawabi ya yi kyau. Nawa ne nauyin mol ɗaya na nikel?" Na ce hamsin da takwas da ɗigo bakwai. Kika ce, "To, je ka ci gaba da fahariyarka."

Ba na kuka da tafiyarki, Malama. Kin yi tsawon rai, kin ga jikoki, hankalinki bai gushe ba ko na yini ɗaya. A wajen shan kofi bayan jana'iza ɗakin taron coci bai ɗauke mu ba, kek ya ƙare tun kafin rabin mutane su zauna, kowa kuma da labarinki a bakinsa, ana yi ana dariya. Ni kaɗai na riƙe nawa.

Yanzu ga abin da ke gabana. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta sa an zana allon tagulla da sunayen duk waɗanda suka yi ajin Asabar, mutum ɗari biyu da sha huɗu, za a kafa shi a makaranta ranar goma ga Mayu. Ni aka kawo wa in yi masa ruwan nikel. Na karanta shi daga sama har ƙasa, ba ni. Na kira sakataren ƙungiyar, Malam Detlef Pohl, ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke rajista muke bi." Ban ga laifinsa ba, ni na hana a rubuta. Da kayan aikina zan iya zana sunan da kaina cikin minti goma, amma ba zan sake shiga ajinki ta bayan gida ba. Kuma in allon ya shiga tanki, magana ta ƙare, don ba a zane a kan nikel ba tare da an ɓata shi ba.

Allah Ya jiƙanki, Malama Irmgard, Ya yafe miki, Ya ba ki hutu a wurin da ya fi lambunki kyau. Ulrike, ke da ɗan'uwanki Torsten da 'ya'yanku, ni da Lore muna yi muku ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya bar muku halinta.

Ku kuma 'yan kwamitin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, littattafan aikin gidana shida suna kan teburin ofishina, kowane shafi da jan bironta, mai son gani ya zo. Allon yana jingine a gefen tanki, ba zan tsoma shi ba sai na ji daga gare ku. A can ƙasa akwai gurbin yatsa biyu, ya ishe ni, da ma a baya na saba zama. Kada ku sa mai kamfani, kada ku sa komai. Ku rubuta: Ewald Rademacher, 1988 zuwa 1990, ɗalibinta.