Gero da Dawa a Cikin Kwamfutar Ofis

Ilisha Matta mutumin Dandamisa ne, kuma duk wanda ya san shi ya san matsoraci ne na gaske. Ko kwalta zai haye sai ya duba hagu da dama har mai jiransa ya gaji. Tafireta yake bugawa a wani ofishin gwamnati a Makarfi. A zamanin mulkin soja, lokacin da albashi ke zuwa ranar da ya ga dama, bai taɓa buɗe baki ya yi ƙorafi ba.

Ana nan sai aka kawo wa ofis kwamfuta. Aka tura abokiyar aikinsa Selina, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta yi kwas a Kaduna, ta dawo tana buga wasiƙu da ita. Tafiretar Ilisha ta koma wurin ajiye kofin shayi. Da aka fara raɗe-raɗin za a rage ma'aikata, sai tsoro ya kama Ilisha.

Shugaban ofishin, Malam Lawal, ya tausaya masa. Ya ce in zai iya ƙera manhaja mai tagogi da maɓallai, wadda za a danna a ga rabon takin kowace gunduma, zai sa masa baki a sama. Ya ba shi mabuɗin ɗakin kwamfuta, ya riƙa shiga bayan an tashi, in akwai wuta.

Ilisha ya tafi Zariya wurin wani malamin kwamfuta mai suna Jumare. Jumare ya ajiye masa fayafayai kashi biyu na kayan ƙera manhaja, Visual Basic da Delphi. Ya ce Visual Basic ya fi sauƙi, jawo maɓalli kawai za ka yi ka ajiye inda kake so. Delphi kuwa ya fi ƙarfi da sauri, amma koyonsa sai an yi gumi. Ilisha ya tambaye shi wanne ne ba za a daina yayinsa ba. Jumare ya yi dariya ya ce wannan sai Allah.

"Malam Ilisha, zaɓi ɗaya," in ji shi. "Injinku ƙarami ne, ba zai ɗauki biyu ba."

To, a Dandamisa babu mai hankalin da ke shuka iri ɗaya a gona. Gero ake sawa da dawa, a cusa wake a tsakani, in damina ta ci amanar wannan, wancan ya riƙe gida. Haka Ilisha ya tashi ya ga ubansa na yi, don haka ya kwaso duka biyun.

Ya fara sa Visual Basic, ya zauna daram. Har ya ƙera taga da maɓalli guda, ya danna, ya ga ya amsa. Murnar ba ta daɗe ba, tsoro ya dawo: in fa manya Delphi suke so? Ranar Juma'a da la'asar ya soma loda shi, ana tsakiya injin ya ce wuri ya cika. Manomi kuwa in gona ta cushe, ciyawa yake cirewa. Ilisha ya leƙa ciki, ya ga tarin fayiloli masu baƙin sunaye, ba wasiƙun Selina ba ne, ba kuma wanda ya taɓa buɗe su. Ya share su, bai san su ne ke tayar da injin ba. Da ya kashe ya sake kunnawa, sai baƙin allo.

 Kayan gwamnati ne, kuma a lokacin ana ɗaukar mutum a kan abin da bai kai wannan ba, a ce zagon ƙasa ya yi. Ya lulluɓe kwamfutar da mayafinta, ya kulle ɗakin, ya fita yana waiwaye. Ranar Lahadi a coci ko waƙa ya kasa bi, duk motar da ta wuce sai gabansa ya faɗi.

Ranar Litinin Selina ta kunna, ta sake kunnawa, shiru. Malam Lawal ya ce wataƙila wuta ce ta zo da ƙarfi, sannan ya juyo.

"Ilisha, lafiya ka bar ta ranar Juma'a?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Aka nemi a turo mai gyara daga Kaduna, ba a sami amsa ba. Da kwamitin tantance ma'aikata ya zo, abin da ya tarar shi ne kwamfutar da ba ta aiki da mai kula da ita, ga kuma tafireta lafiyayya da mai buga ta. Aka bar Ilisha. Shi aka miƙa wa takardar sallamar Selina ya buga, sai da ya ɓata ta farko.

Ilisha ya kai har ritaya a ofishin, bai ƙara taɓa kwamfuta ba. Selina ta koma suyar ƙosai a bakin hanyar coci, babbar 'yarta ta bar makaranta tana taya ta. Duk Lahadi sai ta gaishe shi, ta tambayi iyali da ɗansa Julius, shi kuwa yana duba fuskarta ko ta sani. Wata rana tana ƙulle masa ƙosai ta ce, "Baban Julius, na gode wa Ubangiji da kai dai ka tsira. Da mu biyu aka kora, da abin ya yi yawa."

Ya ce amin, ya karɓi ƙosansa ya tafi.