Ƙofar da Yaya Bai Kulle Ba

Shekara talatin da ɗaya yayana ya yi yana gadin wani sito, ko ƙusa ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Ko da ya yi ritaya bai daina gadi a ransa ba. Kwaɗo uku ne a ƙofar ɗakinsa, gwangwanin sukari ma yana da wurin ɓuya. Mutanen layinmu Mai Makulli suke ce masa, shi kuwa har wani daɗi yake ji. Ni ƙanwarsa ce, bango ɗaya ya raba ɗakunanmu, amma sai na faɗi sunana sau biyu kafin ya buɗe mini.

'Ya ɗaya ta rage masa, Auta, ma'aikaciyar jinya. Da ta sami aiki a wani gari mai nisa bai so tafiyar ba, suka rabu ba daɗi. Kafin ta tafi ta saya masa na'urar wayfai, ta sa mata kalmar sirri, ta ce duk Lahadi da rana za ta kira shi ta bidiyo a lokacin hutunta na minti ashirin.

Wata biyu cur kiran bai taɓa wuce gaisuwa ba. Fuskarta ta fito, ta daskare, ta ɓace. Yaya sai ya kife wayar ya ce, "Ta gaji da ni ne, kashewa take yi." Ya rame, ya daina zama a ƙofar gida. Lahadin da ba ta kira ba gaba ɗaya, raina ya ɓaci, na je da kaina na ɗauko mai gyara, wani dattijo mai gilashi da igiya a wuya.

"Ina na'urar take?" in ji shi.

Yaya ya zaro makullai ya buɗe kabad ɗin katako da ke jikin taga. Ga ta can a ƙudundune cikin tsohon bargo, an huda wa wayar wuta rami ta baya. Mai gyara ya taɓa ta ya janye hannu da sauri.

"Baba, dafa ta kake yi?"

"Ajiya ce. Abu mai daraja ba a barinsa a fili."

Mutumin ya buɗe kwamfutarsa ya duba, sai na ga ya cire gilashin ya goge ya mayar. "Waya ashirin da uku ne a kanta yanzu haka. Babu kalmar sirri ko ɗaya, a buɗe take wayam."

Yaya ya dafa bango. "Ƙarya ne! Duk Lahadi da safe ina canja mata kwaɗo."

Ya ɗauko allura ya nuna wani ɗan rami a bayan na'urar. Wai mai shagon da aka sayo ta ya ce masa in an danna nan takan koma sabuwa. Shi kuwa a sito duk bayan 'yan watanni yakan sauya kwaɗuna, don haka ya ɗauka hakan ake yi. Mai gyara ya riƙe baki. Ya ce irin wannan tsohuwar na'ura, dannawa ɗaya ke goge duk tsaron da aka sa mata. Tun Lahadin farko Yaya ya share kalmar sirrin Auta da hannunsa.

Aka fara karanto sunayen wayoyi. Ta mai aski, ta tela, uku daga shagon walda. Sai mai gyara ya karanto wata. Tawa ce. Wata biyu ina kallon fina-finai da rana ina yabon wani mai kirki da ya bar intanet kyauta, ashe ni ma ina cikin masu datse wa yarinyar magana. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Yaya bai yi faɗa ba, wannan ne ya fi tsorata ni. Ya zauna a bakin gado yana kallon makullansa.

Mai gyara ya ɗora na'urar a kan kanta inda iska ke ratsawa. Ya sa doguwar kalmar sirri mai haruffa da lambobi, ya canja ta shiga saitin na'urar ma, ya rubuta su a takarda. "Wannan ka kulle, Baba. Allurar kuma ka ba gwaggo ta yi ɗinki," in ji shi, yana nuna ni.

Ranar Lahadi Yaya ne ya kira. Fuskar Auta ta fito tar, ta tsaya. Suka gaisa, suka yi shiru, kowa na jiran ɗayan ya katse. Minti ɗaya ya wuce, hoton bai motsa ba.

"Auta," ya ce, "ashe ba ke kike kashewa ba?"

Ta rufe baki da hannu, hawaye suka zubo mata. "Baba, ni na ɗauka kai ne. Na ce har yanzu ba ka yafe mini ba."