A Jirgin Gyaɗa Zuwa Wankan Jego

Mun bar Kibiya da asuba, ranar wata Litinin, bayan an gama zuba dawa a rumbu. Ni da ƙanena ne, tsohon soja, wanda ya je yaƙin Bama, can ƙetaren teku, lokacin yaƙin duniya, ya tsinto 'yan kalmomin Turanci. Ku matan da kuke ta yi mini sallama tun da na dawo, kowacce da tambayarta, ga shi na sa an rubuta sau ɗaya. Wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a bar ni in huta.

Autata ce ta kai ni. Mijinta malamin gona ne a En'e, hukumar sarki, gwamnati ta tura shi kwas Ingila, ya tafi da ita. Ana tsakiyar marka takarda ta zo cewa tana da ciki, na fari. Haihuwar fari a gaban uwa ake yi. Tunda ba za ta iya zuwa gida ba, sai ni in je. Shekara talatin ina ungozoma tsakanin Kibiya da Kahu da Rurum, ba zan karɓi 'ya'yan mutane in bar tawa a hannun waɗanda ba su san kunun kanwa ba.

Surukin ya ba ni zaɓi, ko jirgin sama, ko jirgin ruwa na fasinja mai yin mako biyu, ya ce amma in taho yanzu tun lokaci yana da kyau. Na sama na ƙi shi, don an ce awon kaya suke yi. Na ruwa kuwa na ce ba yanzu ba. Wa ke ƙetare ruwa da damina? Kogin Kano da marka ya ci maigidana, uban yaran nan, shi da jakinsa, kogin da in rani ya yi ko gwiwa ba ya kaiwa. Na ce teku ma ruwa ne, a bari ya janye.

Ƙanena ya ce, "Yaya, shi fa teku ba ya janyewa."

Na ce, "Kai da aka kai ka a rufe a ƙasan jirgi kamar buhu, me ka gani?"

Da kaka ta yi, sai aka ce jirgin fasinja ya cika da Turawa masu komawa gida, don shekarar aka karɓi mulkin kai. Akawun kamfanin jiragen ruwa a Kano ya ce ko mu jira na gaba, ko mu shiga na kaya, mai ɗaukar gyaɗa, yana da 'yan ɗakuna, mako uku yake yi. Na zaɓi na gyaɗa. Jirgin da ya saba kai gyaɗar Rano ai ya san hanya, kuma ba mai taɓa mini kaya. Na lissafa da yatsu, na ga zan isa da saura wajen kwana ashirin a haihu.

Daga Rano muka hau kan buhuna a lori zuwa Kano, daga nan jirgin ƙasa kwana biyu zuwa Ikko. Kayana buhu guda na busasshen ganyen runhu da na tsamiya, da kanwa, da gero, da kayan yaji, da tasata ta jan ƙarfe. Tasar nan kun san ta. In jariri ya faɗo shiru, ita nake bugawa da ludayin ƙarfe a kusa da kunnensa, ina shafa masa ruwa, har ya tsala kuka. Da yawanku da ƙararta 'ya'yanku suka shigo duniya.

Ranar da jirgin ya tashi na ɗauki zare, kullum da safe in yi ƙulli ɗaya. Kwanakin farko ba laifi. Ƙanena da ya cika ni da labarin teku shi ya fara kwanciya, ya rungumi bokiti kwana uku kamar amaryarsa. Abincinsu dankalin Turawa ne dafaffe ba yaji, da nama mai launin toka wanda ban san wa ya yanka ba, sai na tsaya ga ƙuli-ƙulina da dakuwa da shayi. Abin da akawu bai faɗa ba, jirgin kaya kamar ɗan koli yake, ba ya wuce kasuwa. Mun tsaya an loda katako, mun tsaya an loda koko, a Saliyo muka yi kwana biyar ana jiran kwarar manja. Mako uku ya cika, ƙanena ya ce ko rabin tafiya ba mu yi ba.

Daga nan muka fuskanci arewa, rana ta fara guje mu. Sai ta leƙo can gefe, ba ta hawa tsakiyar sama, kafin mutum ya yi la'asar ta faɗi. Da inuwa na san lokacin salla duk rayuwata. Nan inuwata ta yi tsawo tun hantsi, daga baya ta ɓace ɗungum, na koma tambayar agogon ƙanena. Numfashinmu yana fita fari kamar hayaƙi. Igiyoyin jirgi suka yi farin gemu na ƙanƙara. Ruwa ya koma baƙi, yana tashi ya fi dutsen Rano, ya dako mu, jirgin yana nishi daga ƙasa, ga ƙanshin gyaɗa yana tasowa kamar ana suyar ƙuli a wani gida da ba a gani. Kukun jirgin ya gaya wa ƙanena cewa a can ranin namu shi ne lokacin haukan ruwansu, masu hankali da damunarmu suke tafiya. Ƙanena ya fassara mini yana kallon ƙasa.

A ƙulli na talatin da shida muka iso bakin kogin da ake shiga garin da autata take, sai hazo ya sauko. Jiƙaƙƙen hazo ne, yana lasar fuska, in ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka sosai. Aka kashe inji, aka saki ƙarfen tsayawa. Bayan duk rurin nan, shiru ya rufe mu. Sauran jirage suna kewaye da mu, ba ma ganin ko ɗaya, sai kukansu daga nesa kamar shanun da aka ɗaure a rugar da mutane suka tashi. Wani ma'aikaci yana tsaye a goshin jirgi, jim kaɗan ya kaɗa ƙararrawa da sauri don kada a yi karo da mu. Kwana shida muna haka.

Rana ta biyu a hazon, Alhamis, bayan azahar, na fito na dafa ƙarfen gefe. Mutumin ya kaɗa ƙararrawa. Sai na ji ashe ƙarar tasata ce sak, da saurin da nake buga ta. Ya tsaya. Daga cikin farin nan, a ƙasa, dab da ruwa, jariri ya tsala kuka.

Ƙanena yana bayana a cikin kwat ɗinsa na soja. Na ce, "Ka ji?"

Ya ce, "Tsuntsun teku ne, Yaya. Haka suke yi."

Tsuntsayen nan fararen na ji su tun Ikko, na san muryarsu. Kukan farko kuwa daban yake, yana da tsarkewa a farkonsa, kamar ana ɓarke sabon ƙyalle, kuma na ji shi fiye da yadda zan ƙirga. Sau uku ya yi, ya ɗauke. Na koma ɗaki na yi ƙulli biyu a kan na ranar.

Da hazo ya yaye muka sauka. Surukina yana bakin gaɓa, hula a hannu. Tun kafin ya durƙusa na gane. Ya kai mu wani bene baƙi da hayaƙi, ɗaki ɗaya a can sama. Autata tana kwance cikin bargo, ba komai a gefenta.

Na ce, "Yaushe?"

Ta ce, "Alhamis, bayan azahar. Namiji ne. Bai yi kuka ba, Inna. Ko sau ɗaya. Sun yi ta ƙoƙari."

Na zaro zarena na duba ƙullin nan biyu, na mayar cikin zane. Ban gaya mata ba, kuma wadda ta gaya mata in ta dawo, ni da ita ne.

Wanka na uwa ne, ko da ɗa ko babu. Na dafa runhu a kan murhunsu mai hura wuta daga bututu, safe da yamma, na fyaɗa mata ruwa har tururi ya cika benen, Baturiyar mai gidan ta hau tana faɗa da hannuwa. Na dama kunun kanwa. Kwana arba'in ban tsallake ko ɗaya ba, sanyin ƙasar nan bai shige ta ba. Tasa kuwa ban kwance ta daga ɗaurinta ba.

Na dawo ta jirgin fasinja, lokacin da suka ce in taho. Kwana goma sha huɗu, ruwa kwance kamar tabarma. Mun shigo Kibiya da yamma, ana ta gyaran gona.

Malamai sun ce jaririn kwanansa ke nan, na kuma yarda, Allah ba a yi masa tilas. Likitocinsu ma da kayan aikinsu sun kasa, wataƙila ni ma da na kasa. Amma da ina ɗakin, da na buga. Duk wadda aka kira ta ƙasar sanyi, ta tambayi waɗanda suke can jirgin da za ta hau da watan da za ta tashi, ta bi abin da suka ce. Ni da Kogin Kano na auna teku.

Shekaranjiya aka kira ni haihuwa a Kahu. Yarinya ta faɗo shiru. Na kwance tasar, na ɗaga ludayi, hannuna ya tsaya a sama, har uwar mijin ta ce, "Buga mana, Baba!" Na buga. Ta yi kuka.