Kifin da ke Randar Inna

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari, ita kuma mutuniyar ƙauye ce, daga bakin fadama aka kawo ta birnin Sakkwato da kunyarta cikakkiya. Ƙannena takan ƙwala musu kira har maƙwabta su ji, ni kuwa "ke" ce, in na yi nisa "waccan". Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, amma sanin bai taɓa hana ni jin haushi ba.

Kifin kuwa tun asali ba namu ba ne. Na maƙwabciyarmu ne a Tudun Wada, wata malamar firamare 'yar Filato, Kirista, wadda katanga kawai ta raba mu da ita tun ina goye. Da babbar salla Inna ta aika mata nama, da Kirsimeti ita ta aiko mana cincin. Da ta yi ritaya za ta koma garinsu, sai ga ta rungume da tukunyar gilashi, ciki da wani ɗan kifin ado, ruwan goro, bai kai tafin hannu ba.

Inna ta leƙa ta ce, "Malama, wanga kihi ko miya ba ya yi. Mi za ni yi da shi?"

"Na kallo ne, Inna, ba na ci ba. Ki riƙe mini shi, ba zai jure hanya ba." Malama ta share ido da bakin gyale, ta ƙaƙalo dariya. "Shi ba zai yi kewata ba. Turawa in za su tsokani mai mantuwa, da kifin nan suke kwatanta shi. Wai kafin ya zagaya tukunya ya manta inda ya fito."

"Ashe ya huta," in ji Inna.

Da bazara ta kama, ruwan gilashin ya riƙa ɗumi tun hantsi, kifin ya taso sama yana haki. Inna ba ta yi shawara da kowa ba, ta juye shi a tsohuwar randa da ke gindin darbejiya. Ta ce a ƙauyensu tarwaɗa ake sakawa a rijiya ta zauna abinta, ba mai cin ta, to wannan ma haka. Na yi ta mita, kifin kallo a cikin randa wa zai kalla? Ta ce shi ai yana ganin mu. Kullum bayan ta idar da sallar asuba takan ɗebi dusa, ta ƙwanƙwasa bakin randar da zobenta, sai ka ga ɗan jan abu ya taso daga duhu. In ni ce na leƙa, ƙasa yake nutsewa, ɗan rainin wayo.

Mantuwar Inna a hankali ta shigo. Ta zuba gishiri a miya, ta sake zubawa. Ta tambayi ko Baba ya dawo daga kasuwa, alhali ya daɗe a ƙasa. Na tattara kayana na dawo gida don in kula da ita. Ƙannena kowa ya san ranar da ya fita daga ƙwaƙwalwarta, domin ranar ce ta daina kiran sunansa. Ni ba ni da abin aunawa. Muddin tana ce mini "ke", sai in ce da raina har yanzu ta san ni. Da wannan nake rarrashin kaina, har wata ranar da na dawo daga cefane ta miƙe da kyar ta shimfiɗa mini tabarma.

"Maraba da baƙuwa. Baiwar Allah, daga ina?"

Na ajiye kayan miya, na zaga bayan ɗaki na yi kuka mai isata.

Amma randar ba ta taɓa ɓace mata ba. Matar da ba ta san ɗakinta ba, da safe sai ta nufi gindin darbejiya kai tsaye, ta ƙwanƙwasa, shi kuma ya taso. Ba na jin kunyar faɗa, kishin kifin nan na yi. Da Malama ta bugo waya tana tambayar jikin Inna, a kanta na huce. Na ce Turawanki ƙarya suke yi, kifin nan bai manta komai ba, mu ne aka manta. Can na ji tana jan hanci.

Da damina ciwo ya kwantar da Inna. Wata safiya na kai mata kunu, ta kama wuyan hannuna.

"Baiwar Allah, kina da kirki. In ba ki saƙo?"

"Ba ni, Inna."

"Ina da ɗiya, ita ta babba. Ki ce mata ta riƙa ba kihin ga dussa, kak ta cika mashi. Ƙannenta ba su da kula. Ita hwaɗa gare ta, amma ba ta yada amana."

Na san abin da zan tambaya bai dace ba, na kuma san in na bari ya wuce ba zan sake samu ba.

"To in na je, wa zan ce ina nema? Mi as sunanta?"

Inna ta dubi ƙofa, ta dubi taga, kamar mai tsoron kada surukai su ji. Ta jawo ni kusa, ta rage murya, ta faɗe shi. Sunana na yanka, cikakke, ba ta ci ko harafi ba. Sannan ta rufe baki da hannu tana murmushin kunya.

Na ce mata in Allah ya yarda saƙo zai isa.

Ba ta ga kakar wannan shekarar ba. Zoben yana yatsana yanzu, ya ɗan yi mini yawa. Kifin ya daɗe yana ƙin tasowa in na ƙwanƙwasa, ni kuma ban fasa ba. Kullum da safe nakan ɗebi dusa, kuma ba na cika masa.