Taragon da aka tura kudu

Ba ni da tabbacin na riƙe komai daidai, domin abin ya ɗan jima. Shekarar da na gama jami'a, ni nake raka mahaifina asibiti a Kaduna daga gidanmu na Wambai. Ƙafafunsa sun shanye, doguwar tafiya a mota kuma tana wahalar da shi. Jirgin ƙasan yana da tarago guda mai fili, inda kekensa yake shiga ba sai an ɗaga shi ba.

Wata safiya a Disamba jirgi ya iso tasha babu taragon. Wani ma'aikaci ya ce mini, idan na fahimce shi daidai, taragu ba su da layin dindindin. Inda fasinja suka fi yawa can ake tura su, lokacin Kirsimeti kuwa kudu ne.

Na ce, "Baba, bari in goya ka."

Ya ce, "A gaban jama'a? Mayar da ni gida."

Bai ƙara yarda mun je tasha ba, likitan ma bai sake ganinsa ba. Har yau ban san ko taragon ya dawo ba. Wanda ya shiga jirgin a lokacin, don Allah ya gyara mini inda na kuskure.