Hira ta Bakwai da Aikin da Ya Wuce Ni

Shekarun baya, lokacin da na dawo Madarunfa daga Yamai da takardar mastar a ilimin halayyar ɗan Adam, babu wanda ya san abin da zai yi da ni, har ni kaina. Mutanen unguwa suka rabu biyu a kaina. Wasu suka ce likitan mahaukata ne, wasu suka ce a'a, irin masu karanta zuciyar mutum ne, a riƙa sauke ido a gabansa. Kakata, wadda a hannunta na tashi, ita ta fi kowa gaskiya. Ta ce, "Karatun nan naka dai har yau ban ga wanda ya yi ma magani ba, ko zaman banzan mai shi."

Fiye da shekara ina haɗa dosiye, wato takardun neman aiki, ina aikawa, shiru kamar an shuka dusa. Da safe in je bakin tafki in kalli masunta, da yamma in dawo in yi wa abokai bayanin abin da ke damun al'umma. Har suka gane lokacina, in sun hango ni sai kowa ya tuna yana da aiki.

Ana haka wata abokiyar karatuna, 'yar Maraɗi, ta turo mini sanarwa a salula. Wata cibiyar bincike tana neman mutum ɗaya da zai yi aiki ƙarƙashin wani farfesa, a kan zaman uwa da 'ya'yanta a karkara. Wanda aka ɗauka zai sami albashi, kuma da wannan binciken zai yi karatun dokta. Gurbi ɗaya tak. Wanda ya yi irin karatunmu a ƙasar nan ya san irin wannan dama ba kullum take zuwa ba. Sharaɗin shi ne ka kawo ra'ayin bincikenka a rubuce, da hira goma da ka ɗauka da iyaye mata, murya da rubutu, sannan ka tsaya gaban kwamiti ka kare kanka.

Na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Domin ni ina da ra'ayi, kuma na daɗe ina goyon sa.

Ni ɗan fari ne. Kun san yadda abin yake a wajenmu: uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi. Ana yaye ni aka ɗauko ni daga ƙauyenmu na wajen Safo aka kawo ni hannun kakata. Ita nake kira Inna. Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Ita kuma in ta kama dole sai ta ce "wancan". Tun ina lakwal, wato firamare, nakan gan ta ranar kasuwa ta baza daddawa a gefen hanyar da muke bi. In na matso sai ta kau da kai, kamar ɗan wani ne ke wucewa. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ni fuskar ce ba a taɓa ba ni ba.

Da na je jami'a aka koya mana yadda shaƙuwar yaro da uwa ke gina shi, sai na ji kamar an kunna mini fitila. Na yanke hukunci a raina cewa kunyar ɗan fari sunan kirki ne kawai da aka sa wa ƙin yaro, kuma a hankali al'adar tana kashe son a zuciyar uwa. Wannan na rubuta wa cibiyar, shafi goma sha biyu, har da labarin "wani yaro da na sani" wanda uwarsa ke kau da kai a kasuwa. Ina rubutawa ina jin daɗin kaina.

Matsalar ɗaya ce: ni namiji ne, ba matar da za ta zauna ta buɗe mini ciki a kan ɗanta na fari. Abokiyar karatun nan tawa ta ce za ta yi mini hirarrakin. Muka yi shiri irin na masu ilimi. Ba a ɗaukar suna, lamba kawai. Kowace mace a yi mata alkawarin babu wanda ya san ta da zai ji. Kuma don kada ta ci karo da dangina, na ce ta bar Safo gaba ɗaya, ta je asibitin garin Gabi ranar awon jarirai. Har ina yaba wa kaina wayo. Ban tuna cewa ƙanwata a can take aure ba, balle in san jaririnta ba shi da lafiya, har an je duba shi daga gida.

Ta je ta dawo, ta turo mini muryoyin. Ta ce, "Tara ɗin dai sai haƙuri, kowace ta ce haka muka tarar. Amma ta bakwai! Wata dattijuwa ce ta rako ɗiyarta. Wallahi wannan kaɗai ta isa ta ba ka aikin."

Da hantsi ne, ina zaune a zaure da littafi a cinya, na sa abin sauraro a kunne. Na yi ta ɗaya har ta shida ina hamma. Na danna ta bakwai. Aka yi sallama, aka yi gyaran murya, sai na ji an ce, "Lahiya lau, ɗiyata."

Alƙalamin ya faɗi daga hannuna. Ko a cikin mata dubu na san muryar nan. Mahaifiyata ce.

Abin da ya kamata in yi a fili yake, an koya mana shi tun shekarar farko: in kashe. Hannuna ya je har kan maɓallin. Ban kashe ba. Ba zan yi muku ƙaryar cewa ruɗewa ce ta hana ni ba, so nake in ji da bakinta abin da na daɗe da yanke mata hukunci a kai.

Da farko ta ce, "Kin tabbata ba mai ji?" Abokiyata ta ce, "Inna, ba wanda ya san ki da zai ji, na yi miki alkawari." Aka tambaye ta ɗanta na fari. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ke ko ɗiyan zamani, ba ku da ta-ido." Ana jin kukan jarirai daga nesa. Daga nan ta fara, a hankali, kamar mai kwance ƙullin da ya daɗe.

Ta ce ranar da aka tafi da shi ta shiga bayan rumbu ta ɗauki taɓarya tana daka turmin da ba komai a ciki, don kada a ji kukanta. Ta ce, "Daddawar nan da nike kaiwa Madarunfa, wa ya ce miki ciniki nike zuwa? Kasuwarmu ta hi kusa. Hanyar 'yan lakwal nike bazawa. In ya taho in kau da kai, mutane na kallo. Amma ƙahwahunshi nike dibi. Ni ƙahwahunshi na sani. In takalmi ya tsinke ni ka hwara gani, in saye in ba gwaggonshi in ce kada ta ce ni ce."

Shekara nawa ina gode wa gwaggona saboda takalma! Har da na fara samun 'yan kuɗin hannu a jami'a, ita na fara saya wa turmin zane. Ta karɓa ta sa mini albarka, ba ta tona zancen takalman ba.

Abokiyata, da yake ba ta san wutar da take hurawa ba, ta ce, "To Inna, kina son shi kuwa?" Sai muryar ta yi ƙasa. "Bakwai na haihwa. Shida na goya su ga baya na sauke. Shi ɗaya ga ciki nike goye da shi, har yau ban sauke ba." Aka ce sunansa fa, ba ta taɓa faɗa ba? Ta ce, "Ina hwaɗi mana. Ga sujada. Can ba mai ji na sai Mai shi."

Ban san lokacin da na zame daga kan tabarma ba. Ina ta maimaita innalillahi kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ni da ake tsoro a unguwa wai ina karanta zuciya, ashe zuciyar da ta fi kowace kusa da ni a juye na karanta ta, shekara kusan talatin. Kakata ta leƙo ta gan ni ina hawaye, ta ce, "Lahiya? Ko karatun ne ya hwara taɓa mai shi?" Na ce mata mura ce.

Na kira abokiyata na ce, "Kin san wa kika yi hira da ita?" Da na faɗa mata, ta yi salati. Can ta ce, "Na shiga uku, na yi ma tsohuwa alkawari." Sai kuma ta ce, "Amma tsaya. Abin da aka ji an riga an ji. Kwamiti ba su san ta ba. Ka juya ra'ayin naka, ka ce son yana nan, ɓoye shi ake yi, ka sa musu muryar nan. Wa zai ja da kai?"

Gaskiya ta faɗa, kuma shi ya sa abin ya yi mini nauyi. Kwana uku suka rage. Gaba kura, baya sayaki. In na sa hirar, aikin kusan a hannuna yake, sai dai zan zauna a ɗaki da baƙi huɗu muna sauraron abin da uwata ta ɓoye wa duniya, ana tsayarwa ana sharhi, daga baya a buga shi a littafi da sunana a bango. In na cire ta, ba ni da komai. Kada ku ɗauka waliyyi ne ni. Kwana biyu cur ina gina wa kaina hujjoji, har na rubuta shafin farko na sabon ra'ayin, kuma ya yi kyau ƙwarai. Amma duk lokacin da na zo kwafe maganarta sai in ji tambayar nan tata ta farko, hannuna ya ƙi.

A rana ta uku na goge muryar, na sa abokiyata ta goge tata. Ta samo mini wata dattijuwa a unguwarsu aka cike goma. Ita ma haka ta tarar.

A gaban kwamiti farfesan ya buɗe takarduna ya ce, "Ka rubuta cewa al'adar tana kashe son ɗan fari. Har yanzu kana kan wannan?" Na ce a'a, na gano kuskure ne. Ya ɗaga gira ya ce madalla, mai bincike na gaskiya shi ne wanda hujja ke juya shi, to wace hujja ce? Na ce ba zan iya kawo ta ba. Ya duba hirarrakin nan goma, ya dube ni. "A cikin waɗannan babu abin da ya goyi bayan ra'ayinka na farko, babu kuma wanda ya rushe shi. Me kake so mu auna?" Ya ce, cikin ladabi, a aikin bincike abin da ba za ka iya nunawa ba daidai yake da babu. Ban ga laifinsa ba. Wani aka ɗauka.

Bayan mako biyu na je ƙauye. Ƙanwata ta zo gida da jaririnta, ita ta ba da labarin cewa ban sami aikin ba, wai na tambayoyin mata ne a kan 'ya'yansu. Mahaifiyata tana tankaɗe, ta ba ni baya. Hannunta ya tsaya cak a kan rariya. Can ta ci gaba da tankaɗenta, ta ce wa ƙanwata, "Irin masu tambayoyin nan ai wata ta tare ni Gabi. Ban hwaɗa mata komi ba." Ta ƙara da cewa, "A ce ma wancan ya yi haƙuri. Abin da ba rabonka ba, ba rabonka ba ne."

Har yau ban sani ba ko ta gane. Ban tambaya ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Wanda aka ɗauka yanzu dokta ne, yana koyarwa a jami'a, ana gayyatar sa taro ƙasashen waje. Ni ina wata makarantar sakandare ina sauraron matsalolin ɗalibai. Ba zan ce muku ba na jin komai ba in na ga hotonsa. Ina ji, wani lokaci har ya hana ni cin abinci da daɗi. Ban kuma zama mai kare al'adar ba, don na san abin da ta ci mini, yanzu na san abin da ta ci mata ita ma. Abin da dai na daina shi ne yanke wa mutum hukunci da abin da ya bari na gani. In ɗalibi ya zo ya ce a gidansu ba a son sa, ba na ƙaryata shi, amma ba na saurin gaskata shi.

Ko wannan ɗin da kuka karanta, sai da ƙasa ta rufe mata ido na iya rubutawa, Allah ya jiƙan ta. Kuma gefen zancen kawai na gutsura muku. Ta daɗe tana magana a ranar, ta faɗi abubuwan da suka fi waɗannan nauyi. Su kam ku yi haƙuri. Ko ni ba a ba ni izinin jin su ba, balle in faɗa.