Shekara Uku Ina Auna Zafin Jiki

Mun shekara shida da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba. A Badarawa muke zaune lokacin, ina buga tafireta a wata ma'aikata, maigidana yana koyarwa a sakandare. Tun a shekara ta uku na fara ganin wata likitar mata, siririya mai gilashi, wadda ta ƙware kan matsalar haihuwa.

Ita ta ba ni ma'aunin zafin jiki da takarda mai layi-layi. Kullum da asuba, kafin ƙafata ta taɓa ƙasa, sai in sa shi a ƙarƙashin harshe in rubuta abin da ya nuna. Aka ɗebi jinina har hannuna ya saba. Aka yi mini hoton mahaifa, wanda ake tura ruwa a ciki. Ranar da kyar na iya hawa tasi. Duk sakamakon da ya fito, lafiya ƙalau.

Tun zuwan farko ta ce in zo da maigida, na kuwa faɗa masa. Ya ce ɗalibai suna jarrabawa. Aka gama, ya ce yana duba takardu. Sai azumi ya shigo, sai babur ya lalace, sai yayansa ya zo daga Zariya. Shi ne kuma mai tashe ni in na makara da awon, har da faɗa, wai na ɗauki abin da wasa.

Wata Laraba likitar ta rufe fayil ɗina ta ture shi gefe.

"Malama, gwajinsa ba allura, ba ciwo. Ke kin sha shekara uku. Kada ki sake dawowa ke kaɗai."

Da ya gama cin abincin rana na maimaita masa, ban rage ko kalma ba. Ya ɓata rai, ya ce wato yanzu shi za a ɗora wa.

Na ce, "Malam, ai ba ka je ba, balle a ɗora maka."

Kwana huɗu ba ya yi mini magana. A na biyar ya ce in ɗauko mayafina. A asibiti ya kare fuska da jarida, kada wani daga iyayen ɗalibansa ya gane shi.

Ashe wasu jijiyoyi ne suka kumbura masa, suka raunana maniyyin. Ƙaramin aiki aka yi, kwanansa biyu aka sallame shi. Ya gaya wa abokan aikinsa ƙaba ce. Ni ce mai dama kunu, ni ce mai tarbar masu dubiya, ina amsa musu da e, ƙaba ce, an gode.

Bayan shekara da 'yan watanni na samu ciki, na haifi 'yarmu ta fari.

Bai taɓa buɗe baki ya ba ni haƙuri ba. Amma da ƙaninsa ya shekara biyu da aure shiru, ya kira shi falo ya zaunar da shi, yana ta yi masa faɗa cewa ilimi ya zo, namiji shi ya kamata ya fara zuwa gwaji, a daina wahalar da 'ya'yan mutane. Ina kicin ina jin sa tiryan-tiryan. Na ajiye wuƙar da ke hannuna, na ɗan tsaya, sannan na ci gaba da yankan kuɓewata.